Kwaɗon da Na Ƙara a Kan Arba'in

Jama'a, abin nan da zan ba ku ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa gishiri ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, lokacin ina sabon malami a wata jami'a a Gusau, ba sai na kama suna ba. Sashen share fage aka ba ni, wato yaran da ake gyarawa kafin su shiga ajin farko, kuma saboda ƙarancin malamai sai aka haɗa mini lissafi da bayoloji, da safe ina gaban allo ina fama da masu tsoron lamba, da yamma ina ɗakin gwaji ina nuna musu hanjin kwaɗo, 'yan matan na toshe hanci. Ni kuwa a lokacin ji nake da kaina, duk abin da ba a iya aunawa ko a lissafa, a wurina shirme ne.

Jarrabawar aikin hannu ta matso, ɗalibai tamanin, biyu-biyu a tebur, kwaɗo arba'in ke nan za a feɗe, sai mutumin da ya saba kawo mana ya yi tafiya ba ko sallama. Malam Garba, dattijon da ke kula da ɗakin gwajin, ya ce akwai wani tafki wajen Kekun Waje, can ƙasar Bungudu, da kwaɗi ke cika da damina, in nemi wani manomi Baba Ɗanjumma shi zai kai ni. Lokacin hanya lafiya lau take, ba wannan fargabar ta yanzu. Maiɗakina ma ba ta nan, ta je Tsafe wurin mahaifiyarta da 'yarmu Husna, mai shekara huɗu, ita kaɗai Allah ya ba mu a lokacin. Ranar Talata da sassafe, bayan an kwana ana ruwa, na ɗaure buhu da bokiti a bayan mashin na kama hanya.

Muna isa bakin tafkin Baba Ɗanjumma ya riƙe mini hannu, ya ce, "Malam, nawa kaka so?"

Na ce to mene ne na tambaya, ai kwaɗi ne.

Ya ce, "Wanga tabki da masu shi. Ba su hana ɗauka, ko kihi ko kwaɗo ko laka, amma sai ka hwaɗi da bakinka nawa za ka ɗauka, su jiya. Abin da kac ce kuwa, shi ɗai za ka ɗauka."

Dariya ta zo mini na danne, don dai kar in raina dattijo, na ɗaga murya kamar ina kiran suna a aji na ce arba'in. Ya ce sun jiya. Muka shiga ciyawa muna kamawa yana ƙirgawa, ana cika arba'in ya wanke hannu ya koma gonarsa. To a nan ne na yi abin da na yi. Duk wanda ya yi aikin ɗakin gwaji ya san ba a kawo kaya cif-cif, kullum sai an ƙara ɗaya na ko-ta-kwana, don wani kan mutu a hanya ko ya tsere, ka ji kunya gaban ɗalibai. Ina ɗaure bakin buhu na ga wani ɗan madaidaici a kusa da ƙafata, wallahi ko tunani ban yi ba, hannuna ne kawai ya ɗauke shi ya jefa a bokiti.

Washegari aka yi jarrabawa lafiya, ko ɗaya bai mutu a hanya ba, aka feɗe arba'in, na bokitin nan ba a taɓa shi ba. Bayan azahar ina ofis ina duba takardun lissafi, na rufe ƙofa saboda masu zuwa roƙon maki, sai kawai na ji kamar mutum a kaina. Na ɗago, ga mace tsaye. Ba tsohuwa ba ce, ba kuma yarinya ba, da zane mai duhu, ƙafafunta duk laka, gefen zanen yana ɗigar ruwa, alhali ranar ko yayyafi ba a yi ba. Na ɗauka uwar wani ɗalibi ce, har da ɗaure fuskata na ce, "Inna, in maganar sakamako ce ba a nan ake yi ba."

Ba ta zauna ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, arba'in kac ce. Arba'in munka ba ka, ba mu yi magana ba. Wanga da kaƙ ƙara ɗana na." Ta kafe ni da ido, sannan ta ce, "Kai ma guda gare ka."

Wayata ta yi ƙara a kan tebur, na kai ido kanta, na dawo da idon, babu kowa. Ƙofa a rufe yadda na bar ta, sai jiƙa a siminti inda ta tsaya. Na ɗauki wayar, maiɗakina ce tana kuka, wai Husna na wasa a tsakar gida ta sulale ta faɗi, tana numfashi amma an yi an yi ta ƙi farkawa, ga su nan za su asibiti. Innalillahi! Ban san sanda na ga kaina a ɗakin gwaji ba.

Bokiti wayam. Malam Garba ya nuna mini kwalba a kan kantar ɗakin, ya ce ai tun da kwaɗon ya yi saura ya saka shi a kulorofom, maganin da muke sumar da su har su mutu, don a adana shi yadda aka saba. Na ce yaushe? Ya ce yanzun nan, ko minti biyar ba a yi ba. Na fizge murfin, na ciro shi, na tara shi a bakin famfo ina wanke shi, ya yi laƙwas a tafin hannuna kamar jiƙaƙƙen tsumma. Malam Garba ya dubi fuskata, ya dubi kwaɗon, muryarsa ta yi ƙasa ya ce, "Malam, nawa kac ce musu?" Na naɗe kwaɗon a hankici na fice.

Wanda ya san Gusau ya san Tsafe tana nan, Bungudu tana can, ba a haɗa su a tafiya ɗaya. Na fito titi a kan mashin da kwaɗo a jiƙaƙƙen hankici cikin aljihun gaba, na tsaya, kuma ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwar ba. 'Yata tana kwance ko za ta tashi ko ba za ta tashi ba, in ta cika ba na kusa, da wane ido zan kalli uwarta, ni da digiri biyu in ce mata na tafi mayar da kwaɗo? Na juya kan mashin na yi Bungudu, ina gudu ina hawaye ina zagin kaina. Sau uku maiɗakina ta kira tana tambayar ina nake, sau uku ina ce mata ina hanya.

Na isa tafkin wajen la'asar, na durƙusa da kayan aikina a cikin laka na ajiye shi, na ce da ƙarfi, ga naku nan, na yi kuskure, ku yi haƙuri. Bai motsa ba. Baba Ɗanjumma ya zo ya tsaya a bayana. Ina ta addu'a, duk wadda ta zo bakina, ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, can sai na ga maƙogwaronsa ya ɗan harba. Ya sake. Ya yunƙura ya nufi ruwa, amma ba da tsalle ba, jan jiki yake, ƙafarsa ta baya ta hagu tana biye da shi ba ta aiki. Yana nutsewa wayata ta yi ƙara, wai Husna ta buɗe ido tana neman ruwa.

Sai magariba na isa Tsafe. Na rungume yarinyata na yi ta godiya ga Allah, na ɗauka shi ke nan an wuce wurin. Da safe da aka sauke ta daga gado ta taka, sai muka ga tana jan ƙafar hagu.

Babu inda ba mu je ba. An ɗauki hoto, an gwada jini, likitoci sun ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya, ba su ga komai ba. Abokan aikina suka ce wataƙila zazzaɓi ne ya taɓa ta, wasu suka ce shan-inna, ni ma na san duk bayanan nan, ni nake koyar da su. Amma ni na ga abin da na gani, kuma tun daga ranar ban sake sa wuƙa a jikin kwaɗo ba, da zanen hoto da kwaɗon roba nake koyarwa, ana yi mini tsiya wai na tsufa da tausayi.

Don haka ina roƙonku, musamman ku 'yan boko irina, in kun je wuri mutanen wurin suka ce ga yadda ake yi, ku yi yadda suka ce ko da kuna ganin wauta ce, ba abin da zai rage ku da shi. Husna yanzu shekararta goma sha biyar, ta fi ni iya lissafi, har yau tana jan ƙafar nan. Ta taɓa tambayata me ya same ta tana ƙarama, na ce zazzaɓi ne. Uwarta kuwa duk sanda muka saɓa sai ta tuna mini cewa ranar da 'yata ta kusa mutuwa sai magariba na zo, kuma har yanzu ban iya gaya mata inda na je ba.