Jakar da Ta Fito Wayam

Tun safe Bulelwa, mai tuyar fanke a ƙofar zauren hukumar binciken ta'asar mulkin wariyar launin fata a garin Mthatha na Afirka ta Kudu, take lura da wata dattijuwa. Jar riga, farar hula, kayan matan coci na ranar Alhamis, sun sha guga. Ta shiga rungume da jaka, da takardar sammaci a hannunta. Masu gadi sun ce tsohuwar mai buga tafireta ce a wani gidan yari. Shekara ashirin tana buga "ya rataye kansa" a kan mutanen da duka ya kashe. Yau doka ta tilasta mata magana, kuma in ta faɗi gaskiya ba mai taɓa ta.

Ga ta nan fitowa da rana tsaka, tana lilo da jakar wayam.

"Mama, sun matsa miki?" in ji Bulelwa.

"Wa? 'Yata, alƙalin ne ya roƙe ni in dakata ya sha ruwa! Duk kwafin takardun mutuwar a ƙarƙashin kayan cocin nan na ɓoye su cikin akwatina, yau na ciko jaka na juye musu. Sunaye arba'in da ɗaya, ban tsallake ko ɗaya ba."

Sai dattijuwar ta rangaɗa guɗa, har tashar mota ana ji.