Kebul Zuwa Ɗakin Baba

Tun da hawan ido ya cinye wa Baba ganinsa, duniyarsa ta koma kunne. A ɗakinsa yake wuni, a gidan hayarmu na Agege mai ɗakuna suna kallon juna. Da azumi ba abin da yake jira kamar tafsirin la'asar da ake watsowa ta intanet daga wani masallaci a Kano. Ni nake kunna masa a tsohuwar kwamfutata, in jona mata sifika. Shi kuma ya riƙa bin mai jan baƙi aya bayan aya, wani lokaci har ya riga shi.

Wani azumi sai ya fara ƙorafi. "Kai, abin nan naka yankewa yake yi."

Yana da gaskiya kuwa. Rauta, wato akwatin da ke raba intanet, tana ɗakina can ƙarshen gida, bango bayan bango a tsakaninmu. Malam zai ɗauko zance, sai ɗif, sai ya dawo a wani wurin daban. Ga wani ƙugi a sifikar kamar ƙudan zuma.

Na hau motar haya ta danfo zuwa kasuwar kayan waya a Ikeja. Mai shago ya ce, "Oga, manta da wayfai, ja kebul kai tsaye daga rauta zuwa kwamfuta. Kuma kar ka haɗa shi da wayar wuta." Na sayo shuɗin kebul mai tsawo, na ɗaure shi ya ratsa tsakar gida. Washegari me zan gani? Iya, Bayarabiyar da ke ɗakin kusa da na Baba, ta shanya jiƙaƙƙun zannuwanta a kai! Na buɗe baki na yi ta masifa da Yarbanci, da azumi a bakina. Ita ko a jikinta. Ta ce duk igiyar da aka ɗaure a tsakar gidan nan ta kowa ce, tun kafin a haife ni. Haka na sauke shi ina huci, na bi da shi ta ƙarƙashin kwanon rufi, nesa da wayoyin wuta. Na kuma canza wayar da ke tsakanin kwamfuta da sifika, ƙugin ya ɗauke.

Ranar, wallahi, sauti ya fito tas. Ana jin malam yana juya shafi, ana jin tarin wani a bayan sahu. Na tsaya ina jiran yabo.

"Har yanzu yana yankewa," in ji Baba.

Na ce wataƙila netwok ne. Na sake komawa Ikeja, na canza kan kebul ɗin, na ari babbar sifika a wurin abokina. Kowace la'asar sai in zauna a bakin gadonsa ina kallon bakinsa. Ya daina riga mai jan baƙi. A baya yake binsa yanzu, ya karkatar da kai gefen dama, wani lokaci ya kama ayar da aka wuce tuni. Tsoro nake ji, tsoro sosai. Mutumin da ba ya gani, idan ji ma ya tafi, ta ina zan same shi?

Wata la'asar Iya ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce da ƙarfi cikin Yarbanci, "Ɗana, ba waya ba ce. Kai babanka asibiti a duba kunnensa."

Baba a Legas aka haife shi, ya fi ni jin Yarbanci, kuma da ko raɗa aka yi a tsakar gida sai ya tanka. Ko motsi bai yi ba. Na daka wa Iya tsawa cewa ta bar mana ƙofa.

Ba a jima ba aka ɗauke wuta. Rauta ta mutu, sifika ta mutu, fanka ta tsaya, ɗakin ya yi tsit. Na juya ina jiran Baba ya yi tsakinsa na kullum. Yana nan yadda yake, kai a karkace, leɓunansa suna motsi.

"Baba," na ce. "Baba, an ɗauke wuta."

Ya ɗaga hannu yana laluba iska har ya kama gwiwata.

"Ƙara murya kaɗan, ɗana," in ji shi. "Yau malam ya yi nisa."