Shaƙuwar Yayana Ɗan Dambe

Shekarun baya, lokacin da sunan yayana ke tashe a fagen dambe daga Daura har tsallaken iyaka, akwai sirrin da mu 'yan gida kaɗai muka sani: duk ranar babban wasa, shaƙuwa ce ke kama shi. Ƙato ne wanda sai ya sunkuya yake shiga zaure, amma fargaba na taso masa sai ka ji "hik" kamar jariri ya ƙoshi da nono.

Wata kaka aka haɗa shi da wani zakaran Damagaram a Zango. Ba a taɓa kai yayana ƙasa ba, shi ma wancan haka. La'asar ta yi, masu kalangu na jira a ƙofar gida, shi kuwa yana zaune kan turmi yana hik, hik. Idan ya shiga fage ya ɗaga hannu zai yi kirari abin ya kufce masa, dariyar 'yan kallo ta kashe shi kafin naushi.

Ni 'yar boko na matso da hikimata. Na ce, "Yaya, rufe ido. Ka ɗauka kai tafki ne da asuba, ko iska ba ta taɓa ka ba."

Ya buɗe ido ɗaya. "Auta, tafkin ne zai tare min... hik... bahagon mutumin nan?"

Mahaifiyata tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Maganin shaƙuwa a wurinta shi ne na iyaye da kakanni: a laƙa wa mutum laifin ƙarya, ya razana, ta tsaya. Sai ta ce, "Babangida, ashe kai ka sace min jan zakarana?"

Tsit. Shaƙuwa ta ɗauke. Inna ta fara murmushi, za ta ce wasa take, sai ya sunkuyar da kai.

"Inna, mai magani ne ya ce sai da ja. Wa ya faɗa miki?"

Zakaran da aka yi wata guda ana tsine wa muzuru a kansa.

Inna ta ajiye rariya a hankali. "Je ka yi dambenka. Ina nan."

A turmin farko ya kayar da mutumin. Da muka tambaye shi ina tsoro ya tafi, cewa ya yi shi bai ma ga abokin karawar sosai ba, fuskar Inna yake gani.

Har yau idan na ga gwanaye a talabijin suna taune leɓe kafin wasa, tausayinsu nake ji. Kowannensu ɗan wata ne. Nawa gwanin ya ciwo babur a ranar, amma sai da ya zagaya kasuwa neman jan zakara kafin ya iya shigowa gida.