Farmi da Gaisuwar Suruki

Na doshi shekara arba'in kafin in taɓa riƙe sitiyari. Ungozoma ce ni a Affala, a shekarun nan da jam'iyyu suka cika gari, kowa ya samu bakin magana, albashi kuwa ya yi ɓatan dabo. Wani furoje na masu ba da agaji ya tattara ya tafi, ya bar mana tsohuwar mota kat-kat. Direbanta ya gaji da zaman jira ya kama hanyar Abijan, motar ta zauna gindin itacen bedi, kaji na kwana ƙarƙashinta. Idan haihuwa ta zo da gardama, amalanken jaki muke ɗora mace zuwa Tawa, kuma ba kowacce ke isa da rai ba. Ranar da na raka wata na dawo da zanenta kaɗai, na ce wa mijina ni zan tuƙa motar nan. Ya yi dariya har ya ƙware, washegari kuma ya raka ni makarantar tuƙi a Tawa neman farmi, takardar izinin tuƙi.

Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Malaminmu wani Bazabarme ne mai gajeren haƙuri, a filin bayan kasuwar bisashe yake kai mu. Ranar farko motar ta yi ta tsalle da ni kamar ɗan akuya, tana mutuwa, yana dafe kai. Amma da ta yarda ta miƙe, na ji ƙarfe ɗungurungum yana bin umarnin ƙafata, sai na kama guɗa ni kaɗai. Alamomin hanya na haddace su tas, har da ta mahaɗar jirgin ƙasa, mu da ko hayaƙinsa ba mu taɓa gani ba. A gida faifai nake ɗauka in yi ta murzawa, yara na yi min ƙarar mota da baki.

Mai jarrabawa daga Yamai yake zuwa, jefi-jefi. Wanda ya faɗi sai ya jira bayan damina, ni kuwa daminar nake gudu, don lokacin ne hanyar Affala ta fi wahalar da jaki. Ranar jarrabawa na ci ado kamar mai zuwa suna. Na amsa tambayoyi ba gargada, na shiga mota, mutumin ya zauna gefena. Na tayar, na sa giya, muka hau titi lafiya lau, zuciyata fari tas.

Muna gangarowa wajen tasha sai ga surukina, mahaifin mijina, ashe ya shigo Tawa, yana tafe bakin hanya da sandarsa. Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa wuce shi a tsaye ba. Takalmi nake cirewa in durƙusa, ko a tsakiyar kasuwa ne. Ban yi wani tunani ba, jikina ne ya yi aikinsa. Na taka burki, na kashe mota, na fito na zube ƙasa ina cewa ina wuni Baba. Ban gama tambayar gajiya ba na ga ya zaro ido yana kallon bayana. Ashe ban ja burkin hannu ba, mota ta kama gangara da baƙon Yamai a ciki, ta nufi teburin mai shayi. Shi ya ja burkin, saura ƙiris.

Ya leƙo ta taga ya ce, “Madan, na daɗe cikin aikin nan, amma yau aka fara sauka a bar ni da mota.” Ƴan kabu-kabu suka kwashe da dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Na faɗi jarrabawar, kuma na yi kuka sosai.

Bayan la'asar tsohon ya aika a kira ni. Na durƙusa nesa da buzunsa, kaina ƙasa.

“Ɗiyata,” ya ce, “an ce min mata masu naƙuda kika son ɗauka cikin motag ga. To in kina ɗauke da wata kinka hango ni bisa hanya, ita ma haka za ki baro ta?”

Na ƙara sunkuyar da kai, ya ci gaba.

“Daga yau in kina bisa ƙarhen nan, ba ki san ni ba. Gaisuwa tana gida, ba ta ruɓewa.”

Daminar nan da jaki muka yi ta, kuma ta yi mana tsawo. Da kaka mai jarrabawa ya dawo, shi ɗin dai, yana ganina ya gyara zama ya ɗora hannu kan burki. Muka bi hanyar da muka bi wancan karon. Muna gangarowa tasha na hango farar riga. Surukina ne, ya dogara sandarsa daidai bakin kwalta, yana kallona ido cikin ido. Daga baya na ji tun hantsi yake tsaye wurin, ya ƙi ko zama.

Ƙafata ta tafi kan burki da kanta. Na dawo da ita, na riƙe sitiyari da ƙarfi, na wuce uban mijina a zaune, da takalmina a ƙafa. 

Mai jarrabawa ya waiwaya ya ce, “Madan, wancan ba tsohon nan ba ne?”

“Ban san shi ba, Yallaɓai,” na ce, hawaye na zubo min.

Ya ɗauke hannunsa daga burki, ya ce in tsaya gaba kaɗan zai sa min hannu a farmi.