Sakin da Na Yi a Kaset

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, kowa a Kano fim yake son yi, har da ni, tela a Shahuci. Wani abokina mai ɗaukar biki ya zo da kyamararsa ya ce ga labari: ɗan kasuwa ya dawo daga fatauci, an kai masa ƙarya a kan matarsa, ya kore ta, daga baya ya yi nadama. Ni ne ɗan kasuwar, don ni kaɗai ke da babbar riga.

Ranar ɗaukar wurin korar, yarinyar da za ta fito a matar ta ƙi zuwa. A tsakar gidana muke aikin, sai abokin nan ya roƙi matata ta tsaya ta juya wa kyamara baya kawai. Ta yi ta dariya, ta yafa mayafi ta tsaya. Ni kuwa na zare ido na daka tsawa: "Na sake ki saki uku!"

Kaset ya fito. Wani marubucin mujalla ya ce hoton ya yi duhu, kukan akuya ya fi muryar 'yan wasa fitowa, amma wurin sakin nan kamar gaske. Kai, har yanke shafin na yi na liƙa a shago!

Sai ƙanwar surukina ta kalla, ta gane mayafin, ta gane tsayuwar. Kafin la'asar an zo an tafi da matata gidansu a Ƙofar Ruwa.

Na ruɗe ƙwarai. Limamin unguwarmu ya ce ba a wasa da saki, tunda matarka ce a gabanka, ya auku. Wani malami a Ƙofar Nassarawa ya ce a'a, bakin wani ka ara, aure na nan. A majalisa kuma masu shan shayi suka rabu biyu, har ana nemo kaset ɗin haya don a sake jin lafazin. Fim ɗin da ba wanda ya kula da shi ya fara ƙarewa a shaguna. Abokina na murna, ni ko wuyan riga na kasa ɗinkawa daidai.

Bayan kwana tara surukina ya karɓi maganar malami na biyu, ya aiko in je biko. Na same ta a soro, ta ƙi zama.

Ta ce, "Malam, ni ba fatawar ce ta dame ni ba. Ni na riƙe muku takardar labarin nan ran nan, na karanta. Saki ɗaya aka rubuta. Sauran biyun daga ina suka fito?"

Ta biyo ni gida, mun haifi 'ya'ya biyar, kuma har yau ban ba ta amsa ba.