Mai Kuwwa, Mijin Yayata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, jim kaɗan bayan azahar, Allah ya karɓi ran mijin yayata kuma abokin aikina, wanda mawaƙa da makaɗa suka fi sani da Mai Kuwwa. Ya cika a asibiti bayan gajeriyar jinya ta ciwon zuciya, matarsa na riƙe da hannunsa, 'yarsa ta fari na tsaye a kansa. Da yammacin ranar aka kai shi makwancinsa.

Yaya, mutane da yawa sun yi magana a kanka cikin kwanakin nan, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ni kuwa abin da na sani game da kai a ɗaki ɗaya na san shi, don haka shi zan faɗa.

Ɗakin yana hawa na biyu, saman shagon mai gyaran agogo. Bangonsa liƙe yake da soso, tagarsa ɗaya ce kuma ka toshe ta da katako, akwai fankar da dole a kashe ta kafin a ɗauki murya, da kujera mai juyawa wadda ke kuka idan an jingina. Lokacin da na gama koyon aikin sauti ina zaune a gidanku ba ni da wurin aiki, sai wata safiya ka ajiye mini makulli kusa da kofin shayina. Ka ce mawaƙa ba sa tashi da wuri, ɗakin yana zaman banza har rana ta take, in je in raya shi. Daga nan safiya ta zama tawa, ina ɗaukar muryar masu karanta littattafai don makafi da masu shirya darussan rediyo. Yamma ta zama taka da mawaƙanka. Kwamfuta ɗaya muke amfani da ita, manhaja ɗaya, kuma a nan rigimarmu ta samo asali.

Ga wanda bai san aikin ba, a cikin manhajar kowace murya da kowane abin kiɗa yana da layinsa, kuma kowane layi yana da hanyar da yake bi kafin ya fita ta lasifika. Akwai kuma kwalliyar sauti iri-iri da masu manhajar suka shirya tun daga can, dannawa kawai za ka yi ta hau kan murya: wata ta sa amsa-kuwwa, wata ta ƙara kauri, wata ta gyara wa mawaƙi karkacewarsa. Kai kuwa, Yaya, ba ka taɓa ganin kwalliyar da ba ka so ba. Sai ka ɗora wannan a kan waccan, ka karkata layin murya ya bi ta gefe, ka haɗa shi da na ganga, ka sake juyo da shi ta wata hanyar da kai kaɗai ka san dalilinta. Idan ka gama, ka kashe kwamfuta ka tafi gida cikin nishaɗi, ka bar komai yadda yake.

Ni ce mai gamuwa da shi da safe. In na ce "gwaji" a makirfo, sai muryata ta dawo mini kamar daga ƙasan rijiya, da ƙannenta uku suna bin ta a baya. Kafin in ɗauki ko kalma ɗaya sai na zauna na cire kwalliyar nan ɗaya bayan ɗaya, na warware hanyoyin da ka ƙulla, na mayar da kowane layi ya miƙe kai tsaye zuwa mafita. Saboda haka ka raɗa mini Tsintsiya, sunan ya bi ni har 'ya'yanka suka taso suna kirana Anti Tsintsiya. Na sha gaya maka cewa za ka iya adana saitinka a fayil ɗinka daban ka bar mini shafin farko a tsabtace. Kullum amsarka ita ce, idan ka yi haka me zan riƙa yi da safe kafin shayina ya huce. A wajen cin abinci yayata ce alƙali. Takan ce ita mutum ɗaya ta aura amma rigimar mutum biyu ta gada, in mun gama mu miƙo mata gishiri.

Na daɗe ina ɗaukar son kwalliyarka a matsayin son hayaniya kawai, har ranar da wani bakanike ya hau mana bene da hannuwansa baƙi ƙirin, yana so ya yi wa matarsa waƙa. Muryarsa kamar ana jan ƙofar gareji. Ni da zan sallame shi cikin ladabi. Kai kuwa ka zaunar da shi, ka sa ya maimaita har ya saki jiki, sannan ka wuni kana lallaɓa muryar nan, kana rufe mata inda ta tsage, har ta zama abin da mutum zai saurara ya yi murmushi. Da ya tafi na ce maka wannan ai yaudara ce.

"Matarsa ta san muryarsa fiye da ni da ke," ka ce. "Abin da ba ta taɓa ji ba shi ne yadda waƙar take a cikin ransa. Shi na fitar mata."

Ban daina shara ba bayan wannan, amma na rage mita.

Sharar ce kuma ta nuna mini abin da kake ɓoyewa. Wata shekara na fara lura cewa abin da nake tararwa da safe ya canja kama. Layukan duk sun karkata zuwa dama. Sautuka masu kaifi ka ɗaga su har suna yanka kunne. Hanyar da ke kai sauti ga hedifon ɗinka ma ka juya ta, komai yana zuba ɓangare ɗaya. Da farko na ɗauka sabon salo ne ka ɗauko. Sai wata mawaƙiya ta dawo da waƙarta tana cewa a mota tana jin ta kamar ta jingina da ƙofa ɗaya, ka ce mata lasifikar motarta ce ta lalace. Daga nan na fara kallonka a gida. Na ga yadda kake juya kai idan ana maka magana, da yadda waya ba ta ƙara zuwa kunnenka na hagu ba.

Na yi ta jujjuya abin a raina. Mai aikin sauti da kunnensa yake cin abinci, kuma da shi ake girmama shi. Idan maganar ta fita ta bakin wani, mawaƙa za su watse, kai kuma ba za ka ji daɗin a ce a bayan idonka aka yi ta ba. Idan na yi shiru, za ka ci gaba da ƙara ƙarar hedifon har ka lalata kunnen da ya rage.

Ranar da na yanke shawara, ban tafi ba bayan na gama aikina. Na share komai, na ɗora karatun wata baiwar Allah a layi ɗaya, na tura shi hagu gaba ɗaya. Da ka shigo na miƙa maka hedifon na ce ka ji mini wannan. Ka saka, ka gyara zama, kana jira. Layin yana ta motsi a fuskar kwamfuta.

"To, kunna mana," ka ce.

Ka dubi kwamfutar, ka ga abin da na gani, sannan ka cire hedifon ɗin a hankali ka ɗora a cinyarka. Ana jin bugun agogunan ƙasa. Can ka tambaye ni tun yaushe na sani, na ce kwamfutar ce ta daɗe tana gaya mini kowace safiya. Sai ka yi dariya, dariya ta gaske, ka ce ashe tsintsiya ma tana kai tsegumi.

Ka roƙe ni in bari ka gaya wa yayata da bakinka. Da yamma ka tara ƙarfin hali ka zaunar da ita, ka fara dogon sharhi, ita kuwa ta katse ka ta ce ta sani. Ta tambaye ka ko ba ka lura ba cewa ta daɗe da komawa zama ta hannun damanka a kan kujera da cikin mota. Jira kawai take ka gaji da ɓoyo. Ita ta kai ka wajen likita. Aka ce na hagun ba zai dawo yadda yake ba, aka ba ka ɗan abin sawa a ciki, aka ce na daman yana nan lafiya muddin ka daina azabtar da shi.

Abin da ka yi bayan haka shi ne abin da na fi girmama ka a kansa. Ba ka jira a gano ba. Duk mawaƙin da ya hau benen nan ka gaya masa gaskiya, ka ce daga yau ni ƙanwarka zan riƙa duba maka daidaiton hagu da dama, wanda bai gamsu ba ba ka riƙe shi da komai. Kaɗan sun tafi. Yawancinsu sun zauna, wasu ma sun kawo abokansu.

Sannan ka jawo kujera kusa da tawa ka ce in koya maka shara. A nan na gano cewa duk shekarun nan ba ƙin yi kake ba kawai, ba ka ma san inda ake yi ba. Mutumin da zai iya ƙulla hanyoyi goma a cikin juna bai san yadda ake kwance su ba. Na nuna maka yadda za ka buɗe kowane layi ka sauke abin da ke kansa, yadda za ka goge hanyoyin gefe, ka dawo da kowa tsakiya, ka nuna masa babbar mafita, sannan ka adana wannan a matsayin shafin da za a riƙa buɗewa da shi. Ka yi sau ɗaya ka ɓata, ka sake, ka ɓata, kana cewa hannunka ne ke ƙi saboda tausayi. Da ka yi daidai, ka ɗauki makirfo ka yi magana, ka saurari muryarka tsirara ba komai a kanta. Ka ce ashe haka yayata take fama da ita shekara da shekaru.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a ɗakin nan. Muka daina raba safiya da yamma, muka koma zama tare. Kai kake zaɓar kwalliya, ni nake tsayar da ma'auni, muna gardama a gaban mawaƙa suna mana dariya. Ayyukan da muka fitar a lokacin sun fi duk abin da kowannenmu ya taɓa yi shi kaɗai, kuma kai ka fara faɗar haka.

Akwai ranar da ba na nan, na kai ɗana asibiti. Wani tsohon malamin makaranta ya zo, an sa masa ranar aikin maƙogwaro, kuma an gaya masa bayan aikin ba zai ƙara magana ba. Yana so ya karanta wa jikokinsa labarai su samu abin ji. Kai kaɗai ka karɓe shi. Ka sauke komai da hannunka, ka bar masa layi ɗaya miƙaƙƙe. Ka bar numfashinsa, ka bar 'yar dariyar da yake yi kafin ya kai wurin ban dariya, har tarinsa ba ka yanke duka ba, don ka ce yaran da shi suka san kakansu. Da yamma ka kira ni a waya, murya cike da alfahari, ka ce yau ka yi shara da kanka kuma ba ka bar ko ƙura ba. Malamin nan ya zo gaisuwa shekaranjiya. Ya zauna cikin mutane bai iya cewa komai ba, ya dafa ƙirjinsa ya daɗe a haka, kowa ya gane.

A asibiti ma ba ka canja ba. Ka ce wa ma'aikaciyar jinya na'urar da ke gefen gadonka tana kuka ba bisa kiɗa ba, da za a ba ka ita na ɗan lokaci da ka gyara mata murya. Ka tambayi lafiyar mai gyaran agogo, ka sa aka kira maka autanka daga makaranta kuka yi hira mai tsawo. Ka gaya wa yayata cewa ka yi aikin da kake so, da mutanen da kake so, ba ka ga abin da za ka yi ƙorafi a kai ba. Ban ga tsoro a fuskarka ba, kuma wannan yana cikin abin da yake kwantar mana da hankali yanzu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga yayata, wadda ta zauna da kai cikin haƙuri da raha, ta san ciwonka kafin ka faɗa. Ina yi wa 'yarka ta fari da ƙannenta ta'aziyya, da mahaifiyarka wadda Allah ya nufa ta ga wannan rana, da 'yan'uwanka maza da mata. Ina yi wa mawaƙa da makaɗa da duk wanda ya taɓa hawa benen nan da murya a bakinsa da fargaba a ransa ya sauko yana murmushi. Allah ya ba mu haƙurin rashinka.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa alherin da ya yi wa mutane ya tarar da shi a can, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka raya abin da ya bari, ka shirya masa zuriyarsa, mu kuma idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Ka huta lafiya, Yaya. Aro aka ba mu kai, mun ji daɗin aron, kuma mun gode wa Mai shi.