Salisu da Ƙafar Al'amin

Duk wanda injin ban ruwansa ya taɓa yi masa gardama a bakin tafkin Madarumfa ya san Salisu. Gajere ne, hannuwansa kullum cikin baƙin mai, kuma ba ya kwance inji sai ya fara yi masa faɗa kamar yaron da ya ƙi aike. Wannan ce sana'ar da ke ciyar da gidansa. Ɗayar kuwa, wadda ba ta taɓa kawo masa ko ƙwayar gero ba, ita ce shirya wa 'yan kolej wasan kwaikwayo duk lokacin bakans, wato babban hutun makaranta.

Shi bai yi nisa a karatun lakkol ba. Rubutunsa shi kaɗai ke iya karantawa, wani lokacin shi ɗin ma sai ya yi ta juya takardar. Amma ya san yara. Mafaɗacin cikinsu shi yake sa wa ya fito a wanda za a daka, salihin da ko kaza ba ya iya kora kuma ya miƙa masa gora, wai kowa ya ɗanɗana abin da bai saba ba. Direktan kolej ɗin ya ara musu aji guda, su tura tebura gefe su yi ta ihu har la'asar.

Wasannin nasa, in ka ga ɗaya kusan ka ga duka. Samarin unguwa biyu su kaure bayan ƙwallo ko a wurin biki, a ji wa wani rauni, daga ƙarshe wanda ya yi ɓarnar ya je har gida ya durƙusa, ya nemi gafara da kalaman da ke sa tsofaffi share ido da bakin zane. Sau goma sha ɗaya ya rubuta wannan durƙuson, kowanne ya fi na baya daɗi. Matarsa Indo, wadda magana ba ta kwana a cikinta, ta ce masa wata rana, "Malam, shekara goma sha ɗaya kana aiken ɗiyan mutane neman gahwara, kai ko gidan ga shi nan bayan masallaci."

Ta taɓa inda ke masa ciwo. Yana ɗan shekara sha bakwai aka yi irin wannan faɗan, kuma shi ne ya sauke wa Al'amin gora a gwiwa, Al'amin ɗin da suka tashi suna kamun kifi tare. Ƙashin bai koma daidai ba. Manya suka sasanta, magana ba ta kai wurin jandarma ba, amma Salisu bai taɓa buɗe baki ya ce a yafe masa ba. Da farko kunya ce ta hana shi, daga baya daɗewar kanta ta zama abin kunyar. Shekara ashirin da shida suna sallah a masallaci ɗaya, in sun haɗu sai "sannu", sai "yauwa", kowa ya kama gabansa. Abin yana cin Salisu, kuma babban tsoronsa kada ɗayansu ya mutu a haka.

A bakans ɗin bana sai ga Ummulkhairi, 'yar Al'amin, mai shekara sha biyar, ta zo ta ce a sa ta. Salisu ba shi da dalilin korarta. Ya sa ta fito a yayar wanda aka daka.

Rana ta huɗu da fara gwaji, Nasiru, yaron da ke fitowa a mai raunin, yana ta jan ƙafa yana karkace baki, sauran suna dariya. Ummulkhairi ta tsayar da wasan.

"Baba Salisu, ba haka mai ciwon gwiwa ke tahiya ba."

Ta fito tsakiyar aji ta nuna musu. Sai ta dafa cinya kafin ta ɗaga ƙafa. In ta yi taku kaɗan ta ɗan tsaya tana duban gefe, kamar ta tuna wani abu, don kada a gane hutawa take. Ta nuna yadda ake zaman sallah da ƙafa ɗaya a miƙe, da yadda ake laluben bango kafin a tashi. Abin da Salisu ya daɗe yana kawar da kai daga gare shi, yau ga shi yarinya ta shimfiɗa masa a gabansa.

Da ƙyar ya tambaye ta, "Ɗiyata, babanki ya hwaɗa miki abin da ya samu ƙahwar?"

"Daga amalanke ya hwaɗo yana saurayi," in ji ta. "Ya ce garin rawar kai ne."

Salisu ya sallami yaran da wuri. Washegari da hantsi ya wanke hannu da sabulu har sau uku, ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya tarar da Al'amin a zaure yana ɗinkin raga, ƙafar a miƙe. Ya durƙusa. Duk kalaman nan da ya rubuta wa 'ya'yan mutane, ko ɗaya bai zo masa ba.

"Al'amin, ni na zo ne..."

Al'amin bai ɗaga kai daga ragar ba. "Tashi, kada yara su gani su yi tambaya. Ni tun kahin a kwance ɗorin na yahe. Kai ne ba ka zo ka amsa ba."

Salisu ya yi kuka sosai, da furfurarsa da komai. Al'amin ya bar shi ya gama, sannan ya janye ragar ya matsa masa a tabarma.

"Yarinyar ta ce ran Asabar za ku yi. Zan zo. Amma ka aje mini kujera, in na zauna ƙasa cikin taro sai an ɗaga ni."